Jita Mai Kwano: Muryar da Ba Ta Jiran Janareta a Tamanrasset

Da la'asar sakaliya motoci kan fara sulalewa daga cikin Tamanrasset, su nufi bakin wani busasshen rafi a gindin duwatsu. A shimfiɗa barguna a kan yashi, a hura wuta, a ɗora butar shayi. Wani ya kwaɓa fulawa ya binne a cikin toka da yashi mai zafi, domin a sami gurasar nan da Abzinawa ke kira tagella.

Kafin kofin shayi na farko ya zagayo, wani saurayi ya jawo jitarsa ta katako ya ɗora a cinya. Babban yatsansa na dukan tsirkiyar sama ba fashi, manuniya kuma tana tsintar waƙa a ƙananan tsirkiyoyi. Kowa ya yi tsit. A wannan lokacin ko numfashin jitar ana ji.

Sai kiɗa ya yi daɗi. Mutum biyar suka fara tafi, suka koma goma sha biyar. Wata mata ta jawo jarka ta mayar da ita ganga, wata ta rangaɗa guɗa. Daga nan jitar ta nutse. Kana ganin yatsun saurayin suna ta kai da kawo, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma abin da ke isa kunnenka tafi ne da jarka. Wani ya ruga mota ya ɗauko ƙaramar amfilifaya mai batir. Ta yi aikin sa'a guda, muryarta ta fara shaƙewa, ta mutu.

Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan hira, a Tamanrasset ne ko Agadas ko bayan garin Maraɗi, ya san wannan takaici. Jitar katako ba ta da ƙarfin da za ta yi gogayya da taro, jitar lantarki kuwa baiwar wuta ce. Akwai wata jita ta uku da aka ƙera musamman saboda wannan matsala kusan shekara ɗari da suka wuce, wadda har yau baƙuwa ce a yankinmu. Turawa na kiran ta rizoneta. Mu kira ta jita mai kwano, domin kwanon alminiyam ne ke magana a cikinta.

Garin da ya raini kiɗan

Tamanrasset na zaune a tsaunukan Ahaggar, wajen kilomita 2,000 kudu da birnin Aljas, a tudun da ya haura mita 1,300. Daga nan zuwa In Guezzam, bakin iyakar Nijar, tafiyar kilomita 400 ce ko kusa da haka, sannan Assamaka, Arlit, Agadas, Damagaram har Kano. Wannan hanya ce ta sa Bahaushe ba ya rasa wanda zai gaisa da shi da harshensa a kasuwannin garin.

Bayan tawayen 1963 a yankin Kidal na ƙasar Mali, da kuma farin 1973 da ya ƙarar da dabbobi, samarin Abzinawa da yawa sun kwararo Tamanrasset neman abin yi. Aka riƙa kiran su ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin marasa aiki. Cikinsu akwai Ibrahim Ag Alhabib, wanda aka kashe mahaifinsa a wancan tawaye yana ƙaramin yaro. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke.

A ƙarshen shekarun 1970 ya haɗu da Inteyeden Ag Ablil da Alhassane Ag Touhami da wasu abokai a wannan gari, suna kiɗa a bukukuwa da zaman hira. Daga nan ƙungiyar Tinariwen ta samo tushe. Kiɗan nasu aka sa masa suna assouf, wato kewa da begen gida, irin wanda ke kama mutum in dare ya yi a daji. Kaset ne ya yaɗa shi hannu da hannu, tun kafin wani kamfani ya san da zamansa.

Garin bai daina haihuwar makaɗa ba. Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, ɗan yankin Agadas ne, amma a gudun hijirar 1990 aka kawo shi Tamanrasset, a nan kuma ya fara taɓa jitar da 'yan'uwa suka bari a gida. Ƙungiyar Imarhan, ƙarƙashin Iyad Moussa Ben Abderahmane da ake kira Sadam, 'ya'yan garin ne. Sun fitar da kundinsu na farko a 2016, suka gina situdiyo a garinsu mai suna Aboogi, suka kuma raɗa wa kundinsu na 2022 wannan suna.

Abin lura shi ne, duk da lantarki ya kai wannan kiɗa manyan dandamalin duniya, zuciyarsa tana bakin wuta. Kundin Tassili, wanda ya ci wa Tinariwen kyautar Grammy a 2012, a cikin duwatsun yankin Djanet aka ɗauke shi, kuma yawancinsa da jitar katako. Ke nan buƙatar jita mai ƙarfin murya wadda ba ta dogara da wuta ba tana nan daram.

Ciwo ɗaya, nahiya biyu

A Amurka ta shekarun 1920, kafin a san jitar lantarki, makaɗan jita na fama da irin wannan ciwo. In suka shiga cikin masu ƙaho da ganguna, ba a jin ɗuriyarsu. Wani makaɗi mai suna George Beauchamp ya kai kukansa wurin John Dopyera, wani mai gyaran kayan kiɗa ɗan asalin Sulobakiya da ke zaune a Los Angeles.

Dopyera ya yi tunanin lasifika. Maimakon a bar allon katako ya ɗauki girgizar tsirkiya, sai ya sa tsirkiyar ta hau kan wasu siraran kwanonin alminiyam guda uku masu siffar malfa. A 1927 suka kafa kamfanin National suka fara sayar da ita da gangar jiki ta ƙarfe mai sheƙi.

Ba a daɗe ba saɓani ya shiga tsakani. Dopyera ya fice, shi da 'yan'uwansa suka kafa Dobro, sunan da aka ciro daga sunan gidansu, wanda kuma a harshensu yake nufin abu mai kyau. Suka fito da wani sabon tsari mai kwano ɗaya. Daga baya kamfanonin biyu suka haɗe, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin saboda an karkatar da ƙarafa wajen kayan yaƙi. Shi kuwa Beauchamp, shi ne ya haɗa kai da Adolph Rickenbacker suka fito da jitar lantarki a farkon shekarun 1930, wadda ta zo ta danne kasuwar jita mai kwano.

Waɗanda suka riƙe ta da hannu biyu su ne baƙaƙen makaɗan kudancin Amurka masu kiɗan bulus, irin su Son House da Bukka White da Tampa Red. Suna kiɗa a bakin titi da rumfunan rawa na ƙauye inda babu wuta, suna buƙatar abin da zai tsaga hayaniya. Masu kiɗan karkara na fararen fata su ma suka ɗauke ta, musamman bayan Josh Graves ya shiga ƙungiyar Flatt da Scruggs a 1955. A yau sunan Dobro na hannun kamfanin Gibson, wani kamfani kuma mai suna National Reso-Phonic ya farfaɗo da tsohon tsarin a Kalifoniya tun 1989.

Mutanen Sahara ma sun san fuskarta ko da ba su riƙe ta ba. Jita mai launin azurfa da ke shawagi a cikin gajimare a bangon kundin Brothers in Arms na Dire Straits, wanda ya fito a 1985, National ce ta shekarun 1930 mallakar Mark Knopfler. Knopfler kuwa yana cikin waɗanda Bombino da tsararsa suka koyi kiɗa ta hanyar kallon bidiyonsu.

'Yar'uwar garaya da kuntigi

Ka ɗauki jita mai kwano ka duba fuskarta. Inda ka saba ganin rami zagayayye, za ka ga wani faffaɗan murfin ƙarfe mai huji-huji kamar matankaɗi, an ɗaure shi da ƙananan kusoshi. Ka leƙa ta hujin. A ƙasa akwai kwanon, siriri ƙwarai, kaurinsa bai wuce na takarda biyu ko uku ba. Ka ƙwanƙwasa murfin da farce, za ka ji duk cikin jitar ya amsa.

Tsirkiyoyi shida na bi ta kan ɗan abin nan da masu goge da garaya ke kira jaki. Jakin yana zaune a kan kwanon. In ka taɓa tsirkiya, girgizarta ta sauka kan jaki, jaki ya tura wa kwano, kwano kuma ya tunkuɗa iska waje kamar yadda takardar lasifika ke yi. Gangar jikin aikinta riƙe kwanon da daidaita amon, kamar akwatin lasifika.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Garaya da gurmi da molo duk haka suke aiki: jaki a kan fatar da aka ɗame, fata ta yi magana. Haka tehardent ta Abzinawa, haka imzad, gogen da matansu ke kaɗawa. Marigayi Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da kuntigi, wanda cikinsa gwangwani ne da aka rufe da fata. Abin da Dopyera ya yi shi ne ya sa alminiyam a gurbin fata.

Shi ya sa muryarta ke da wani kaifi da ɗan hanci-hanci da kunnenmu ya saba da shi. Tana fita da sauri, tana tafiya nesa, kuma tana ratsa tafi da ganga ta wata kafa da jitar katako ba ta iya bi.

Iri uku, murya uku

Wanda zai zaɓa sai ya fara sanin cewa tsarin kwanon iri uku ne, kuma kowanne da halinsa.

Na farko shi ne mai kwano ɗaya a kife, da wani ɗan katako zagayayye a ƙoƙuwarsa wanda suke kamanta shi da biskit. Faɗin kwanon inci tara da rabi ne. Muryarsa kamar harbi take, ta fito da ƙarfi ta yanke da wuri. Shi ne abokin masu bulus, kuma shi ya fi dacewa da mai son kiɗan da ke tafiya da tafi.

Na biyu shi ne tsarin Dobro. Kwanon a buɗe yake yana kallon sama, faɗinsa wajen inci goma da rabi, an ɗora masa wani ƙarfe mai ƙafa takwas kamar gizo-gizo, jakin kuma yana tsakiyar gizon. Muryarsa ta fi zaƙi da jan numfashi. Yawanci gangar jikinsa ta katako ce.

Na uku shi ne na asali, mai ƙananan kwanoni uku 'yan inci shida-shida, da ƙarfe mai kai uku ya haɗa su. Muryarsa ta fi cika da laushi, tana daɗewa kafin ta mutu. Ya fi sauran wahalar ƙira, don haka ya fi su tsada.

Sai gangar jiki. Ta baƙin ƙarfe tana da tsawa da kaushi. Ta tagulla ta fi zurfi da daɗin amo. Ta katako ta fi kusa da jitar da aka saba, ta kuma fi sauƙin ɗauka. Wannan ba ƙaramin zance ba ne ga mai yawo, domin ta ƙarfe kan kai kilo huɗu zuwa biyar, kusan ninkin jitar katako.

Inda waya ta shigo

Jita mai kwano ta zamani sau da yawa tana zuwa da kafar sa waya, yadda za a kaɗa ta haka nan a bakin wuta, a kuma jona ta da amfilifaya a filin biki. A nan ne amfaninta ya ninka ga makaɗin da ba shi da halin mallakar jita biyu. Amma maɗaukin sautin da aka sa mata shi ke yanke hukuncin abin da zai fito a lasifika.

Akwai mai maganaɗisu, irin na jitar lantarki, da ake dasawa kusa da wuya. Shi tsirkiya kawai yake saurare, ba ruwansa da kwano. Sautinsa ya fi kama da jitar lantarki, yana jure ƙarin murya ba tare da lasifika ta yi ihu ba, kuma ya fi son tsirkiya mai naɗin nikel a kan mai naɗin tagulla.

Akwai kuma wanda ake kira fiyezo, da ake sakawa a jikin jaki ko biskit. Shi girgiza yake ji, don haka ya fi kawo ainihin muryar kwanon. Aibinsa shi ne yakan yi tsini a kunne in aka jona shi kai-tsaye, sai an bi da shi ta ƙaramar na'urar gyaran sauti. Jitar Gretsch da ake kira Bobtail, alal misali, da irin wannan maɗauki na kamfanin Fishman take zuwa.

Makirfo a gaban murfi ya fi duka fitar da gaskiyar muryar, shi ya sa ake son sa a situdiyo. A filin biki kuwa, inda lasifika ke kusa kuma iska na kaɗawa, yakan jawo ihu. Wasu jitocin na haɗa maganaɗisu da fiyezo, da maɓallin gauraya su. Ga mai kiɗan assouf da ke son ya ji ɗumin lantarki ba tare da ya rasa amon kwano ba, wannan haɗin ya fi.

Kafin ka miƙa kuɗinka

Irin wannan jita ba ta cika shagunan yankinmu ba, mai so yakan yi saƙo ne ta hannun matafiyi ko ta intanet. Ga kuskure na farko da ke jiran mai saƙo: wuyan jitar iri biyu ne. Akwai mai zagayayyen wuya, da ake riƙewa kamar kowace jita. Akwai mai wuya murabba'i, wadda ake kwantarwa a cinya, tsirkiyoyinta sun tashi sama da kusan faɗin yatsa, ana goga su da guntun ƙarfe. Wannan ta biyun ba a danna ta da yatsa ko kaɗan. Mai kiɗan Sahara da ya sayo ta bisa kuskure ya yi asarar kuɗinsa. A hoto kusan kamarsu ɗaya, don haka a tambaya, a sake tambaya.

In kuwa jitar ta zo hannunka, to a nan ji ne ke korar gani. Sheƙin ƙarfe da zanen dabino a bayanta ba su ne kiɗa ba. Ka zauna wuri shiru ka bi kowace tsirkiya gaɓa bayan gaɓa tun daga sama har ƙasa. In ka ji wani zuuu ko kakkarwa kamar ƙuda a cikin gwangwani, ko dai kwano bai zauna daidai ba, ko kusa ta saki, ko kwanon ya lotsa.

Ka gwada gaɓa ta goma sha biyu. Sautin da ta bayar in ka danna ya kamata ya yi daidai da na tsirkiyar a sake, sai dai ya fi shi tsayi. Jita mai kwano tana da wuyar gyara ta wannan fuska, domin jakinta ba ya matsawa gaba ko baya yadda ake so. Wadda ta zo da karkataccen sauti za ta daɗe tana ba ka wahala.

Ka duba tazarar tsirkiya da wuya. Da yawa ana saita su da tsayi saboda masu goga wuyan kwalba a kan tsirkiya, mai kiɗan yatsa kuwa yana son su kusa. Ka tabbata akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa ko sassautawa. Sannan ka sa wani ya kaɗa, kai kuma ka ja da baya taku ashirin. Wannan jita gaba take jefa muryarta, mai sauraro ya fi mai kaɗawa jin ta.

Batun kuɗi, waɗanda ake ƙerawa a Asiya da sunayen Gretsch, Epiphone, Recording King ko Regal sukan kama daga dala ɗari uku zuwa ɗari bakwai ko sama kaɗan. Na kamfanin National kuwa dubbai ne. Araha ba ta ado, amma akwai sauƙi guda: kwanon ana sayar da shi daban, kuma sauya shi da mai kyau kan tashi jita mai matsakaicin kuɗi ta zama wata aba dabam.

Yatsun Sahara a kan kwano

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mai kiɗan assouf yana da abubuwa biyu da suka dace da wannan jita tun asali. Ba ya dukan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, yana tsintar su ne ɗaya-ɗaya, kuma babban yatsansa na riƙe da sauti guda a ƙasa kamar yadda gangar tende ta Abzinawa ke riƙe waƙar mata. Kwano na son irin wannan hannu. Kowace ƙwayar sauti tana fita a rarrabe, ƙananan adon nan na bugawa da fizgewa da yatsun hagu kuma suna bayyana sarai.

Wannan bayyanar kuwa kaifi biyu gare ta. Kwano ba ya rufa asiri. Yatsa ya zame ko farce ya karci tsirkiya, kowa zai ji. Wanda ya saba dukan jitar katako da ƙarfi domin a ji shi, sai ya koyi sassauta hannu. Gefen tafin hannun dama kuma ya riƙa sauka a kan tsirkiyoyin sama kusa da jaki, don kada amonsu ya cakuɗe da waƙar.

Sai batun ɗauri. Makaɗan Abzinawa da dama kan ɗaga tsirkiya ta shida, mafi kauri, daga E zuwa G, wato daga Mi zuwa Sol a bakin masu Faransanci, domin ta zama gindin kiɗan. Jita mai kwano yawanci da tsirkiyoyi masu kauri take zuwa, domin nauyinsu ne ke motsa kwanon. Ɗaga mai kauri har wannan matsayi yana ƙara wa wuya da kwano nauyi. Mafita ita ce a sa siririya a wannan gurbi, ko kuma a bi ɗaurin da masu bulus ke yi, inda ake sassauta ta shida da ta ɗaya zuwa D, ta biyar kuma zuwa G. A nan ma an sami gindin G, kuma an rage nauyi maimakon a ƙara.

Akwai kuma kiɗan zamiya. A zura wuyan kwalba ko guntun bututun ƙarfe a ƙaramin yatsa, a ɗora shi a kan tsirkiya daidai saman ƙarfen gaɓa ba tare da an danna ba, a riƙa zamewa daga sauti zuwa sauti. Yatsun da ke bayansa su kwanta a kan tsirkiya don kashe hayaniya. Abin da ke fita ya fi kusa da kukan goge ko imzad, domin yana bi ta tsakanin sautuka inda gaɓoɓin jita ba sa isa.

An riga an gwada irin wannan haɗuwa, ta kuma yi kyau. Ali Farka Touré da Ry Cooder sun yi Talking Timbuktu a 1994. Bob Brozman, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan jitar National, ya yi kundi da makaɗin kora Djeli Moussa Diawara a 2000. Su kansu Tinariwen, a kundinsu Amatssou na 2023, sun gayyato makaɗan karkarar Amurka masu banjo da jitar zamiya.

Yashi, rana da sanyin dare

Ruwan da ke sauka a Tamanrasset a shekara wajen milimita 50 ne. Irin wannan bushewa tana tsaga allon jitar katako, tana ɗaga jakinta. Gangar ƙarfe ba ta tsagewa, wannan riba ce babba. Amma wuyan na katako ne, yana iya ƙanƙancewa har bakin ƙarafan gaɓa su fito suna yankar hannu. Ɗan soso mai laima a cikin leda mai huji, a ajiye cikin akwatin jitar, yana rage wannan.

Ƙarfe kuma yana shan rana. Jitar da aka bari a bayan mota da tsakar rana sai ta gagari taɓawa, ɗaurinta ya warware. Da dare a lokacin sanyi, inda tsaunin Ahaggar kan kusa daskarewa, sai ta yi sanyi kamar randa. A bar ta ta huce ko ta ɗumama a cikin akwatinta kafin a ɗaure.

Babban abokin gaba shi ne yashi. Yana shiga ta hujin murfi ya taru a gefen kwano, ƙwaya kaɗan sun isa su sa ta kakkarwa. A riƙa rufe ta in an gama, a kife ta a girgiza a hankali. Wajen sauya tsirkiya, a bi su ɗaya bayan ɗaya, domin nauyinsu ne ke riƙe kwanon a mazauninsa. Kada a danna murfin da gwiwar hannu, kada kuma a ɗaure kusar tsakiyar kwano fiye da kima, domin kwanon da ya lotsa ba ya komawa daidai.

Masu so da masu ja

Ba kowa zai yi maraba da ita ba, kuma masu ja suna da hujja. Kiɗan ishumar ya yi suna ne da muryar jitar lantarki mai jan numfashi, wadda Mdou Moctar na Nijar ya kai ƙololuwa. Kwano, musamman mai biskit, ba ya jan sauti haka. Saurayin da burinsa ya tsaya gaban taron biki da amfilifaya a bayansa zai ga kuɗin jita mai kwano ya ishe shi sayen ta lantarki har da canji. Ga nauyi, ga rashin masu gyara a kusa, ga kayan gyaran da sai an yi saƙo.

Akwai kuma masu kishin gargajiya, waɗanda damuwarsu ta wuce wannan jita. A ganinsu jita kowace iri ce ta riga ta janye matasa daga imzad da tende. Wannan damuwa ce ta sa aka kafa ƙungiyar ceto imzad a 2003, aka gina gidan koyar da shi a Tamanrasset, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Kukan nasu abin saurare ne.

Masu so kuwa za su ce yawancin kiɗan Sahara ba a kan dandamali ake yin sa ba. A tsakar gida ake yi, da zango, da bakin rijiya, inda babu soket. Jitar da za a ji ta a can ba tare da hayaƙi da rurin janareta ba, ta bar muryar mawaƙi da tafin mata su fito a yadda suke, ta fi kusa da ruhin tende a kan tarin lasifika. Nawa ra'ayin yana nan. Ba na ganin za ta kori jitar lantarki, ba kuma a buƙatar ta kore ta. Gurbin da ke tsakanin bakin wuta da filin biki shi ne nata, kuma gurbin a buɗe yake.

Kira ga maƙera da makaɗa

Tarihin wannan kiɗa tarihin masu haɗa abu da hannunsu ne. Ibrahim Ag Alhabib ya fara da gwangwani. Mdou Moctar ya fara da katako da wayar keke, kafin ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki kundinsa na farko. Ɗan Maraya ya mayar da gwangwani abin alfahari. Mutanen da suka yi wannan ba za a ce jita mai kwano ta fi ƙarfinsu ba.

Muna da maƙeran Abzinawa da ke sarrafa azurfa da tagulla a Tamanrasset da Agadas. Muna da masu aikin ƙarfe a Panteka ta Kaduna, da kafintoci a Kano da Maraɗi. Kwanon shi ne mai wuyar yi, domin a kan injin juyi ake murza shi daga fallen alminiyam har ya yi siriri daidai. Amma ana iya sayo shi a farko, a ƙera gangar jiki da wuya a gida, a sami jitar da talaka zai iya saye kuma a gyara ta a unguwa.

Ga makaɗi kuwa, shawarar ba ta da yawa. Ka nemi mai zagayayyen wuya, ka gwada ta da kunnenka kafin ka duba kwalliyarta, ka zaɓi maɗaukin sautin da ya dace da inda kake kiɗa, ka kuma kare ta daga yashi da rana. In ka yi haka, ranar da tafi ya yi tafi kuma batir ya mutu, na ƙarshen da'ira ma zai ji abin da yatsunka ke faɗa.